JAWABI A KAN ƊIYANMU NAƘASASSU



Baba maigari, ranka shi daɗe. Liman da malamanmu, Allah shi gafarta muku. Iyayenmu maza da iyayenmu mata, shugabannin ƙungiya, da ku 'yan uwana 'yan biɗa da kunka taso daga Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Agadas, har da waɗanda sunka ƙetaro daga Kano da Ikko da Abijan, ina gaishe ku gaisuwa mai yawa, sannunku da hanya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, wagga takarda za ta iske su inda suke. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Shugabanni sun aza mani magana, ni kuwa yaro ne gaban iyayena. In wata kalma ta yi nauyi, a yi mani gafara. Maganar ita ce ta ɗiyan garinmu naƙasassu: makafi, da kurame, da guragu, da masu farfaɗiya, da waɗanda hankalinsu ke tafiya sannu-sannu. Mukan zauna a kan rijiya, mukan zauna a kan rufin masallaci da taki da iri. Abin da nike roƙo yau shi ne waɗanga yara su shiga lissafin ƙungiya kamar yadda rijiya ta shiga, a sa su karatu, a koya musu sana'a, a daina ɗauka cewa ƙoƙon bara shi kaɗai ne rabonsu.

Mu fara da yawansu. Ƙidayar jama'a da anka yi a Nijar a 2012 ta samu naƙasassu sun ɗara kashi 4 cikin 100 na mutanen ƙasa. Ke nan garin da ke da mutum 2000 shina iya samun naƙasassu wajen 80. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, da take ƙirga da faɗi, ta ce mutum 1 cikin 6 a duniya shina ɗauke da wata naƙasa mai nauyi. To, kowa shi lissafa gidajen unguwarsu a zuci. Yara nawa ka sani masu naƙasa? Nawa ne cikinsu ke zuwa lakwal ko makarantar allo? Nawa ne ke da takardar haihuwa? Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo.

Inda waɗanga yara suke, wuri biyu ne galibi. Wasu suna ƙuryar ɗaki. Ana ba su tuwo, ana yi musu tufafin salla, ba a ƙi su ba, amma ba a fito da su cikin mutane, don kunya ko don tsoron bakin jama'a. Yaro shi kai shekara 15 bai taɓa zama cikin sa'o'inshi ba. Wasu kuma suna bakin hanya. In kaka ta wuce, anka ga rumbu ba za shi kai damina ba, sai a ɗauki yaron a tafi da shi birni, a zaunar da shi ƙofar masallacin Juma'a ko bakin tasha. Ku 'yan biɗa kun fi kowa ganin wanga abu, don gaban idonku ake yi, kuma wani lokaci mota guda ke kai ku tare.

Mu faɗi gaskiya, bara tana kawo kuɗi. Akwai gidan da abin da gurgu ya tara a birni shi ke sayen hatsin da ke cika shekara. Uban da ya yi haka ba ƙin ɗanshi ya yi ba, yunwa ce ta matsa mashi. Amma a duba abin da ake biya. Makaho ba shi tafiya shi kaɗai, sai da ɗan jagora, ɗan jagoran nan kuwa yaro ne mai ido, ƙane ko ƙanwa, wanda shi ma anka cire daga karatu. Gida guda ya yi hasarar ɗiya biyu ke nan. Sa'annan yaron da ya tashi da ƙoƙo, ranar da ya girma tausayin mutane ya ragu, iyaye sun tsufa ko sun rasu, me ke hannunshi? Ba harafi, ba sana'a, ba gona.

Hanyar bara kuma mun ga inda take kaiwa. A watan Oktoba na 2013 anka tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, 52 cikinsu yara ne, mafi yawansu daga ƙasar Kance. A watan Maris na 2022 gwamnati ta aika jirgi Dakar, ƙasar Sanigal, ta kwaso 'yan Nijar fiye da 1000 da ke bara a can, da yawa mata da ƙanana. Waɗannan mutane ba duka ne naƙasassu ba, kuma ban ambace su don zargi ba, 'yan uwanmu ne. Na ambace su don a ga cewa in ƙoƙo ya zama sana'ar gida, ba shi tsayawa Maraɗi ko Yamai, kullum gaba shike ja.

Kada wani shi ce na zo in hana sadaka. Sadaka umurnin Allah ce, kuma kakanninmu ba su yar da naƙasassu ba. A manyan garuruwan Hausa akwai sarkin makafi, da sarkin guragu, da sarkin kutare, masu riƙon jama'arsu da kai kukansu fada. Abin da nike cewa shi ne sadakar da ta saya ma yaro allo, ko keke, ko kayan aiki, ta fi wadda ake jefa mashi kullum a ƙoƙo daɗewa. Malamanmu sun fi ni sanin labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, wanda Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninshi ranar da ya zo biɗar sani. Ya zama ladani tare da Bilalu, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya sha barin shi a kan Madina in za shi tafiya. Nan kusa kuma, a Zariya, an yi Malam Aliyu Namangi, makaho tun shina ƙarami, wanda ya yi waƙoƙin Imfiraji da tsofaffinmu sunka sani, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da an bar shi ƙuryar ɗaki, wa za shi san sunanshi yau?

Yanzu in zo ga abin da ke kawo naƙasa, don da yawa cikinta ana iya tare ta, wata kuma ana iya warkar da ita.

Shan inna, wadda ta shanye ƙafafun sa'o'inmu da dama, ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazanta da ruwan sha. Ɗigon rigakafi ke hana ta. A watan Agusta na 2020 anka bayyana cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka. Duk da haka wani reshenta na iya ɓullowa inda yara da yawa ba su samu ɗigo ba, shi ya sa masu rigakafi ba su daina zagaya gidaje ba. In sun zo, a fito musu da yara.

Sanƙarau, ciwon lokacin zafi da ƙura, wanda ya yi mummunar ɓarna a ƙasarmu a 1995, yakan bar wanda ya tsira da kurumta. Tun 2010 anka shigo da sabuwar allurar rigakafi a kan irin da ya fi kashe mutane a da, amma akwai wasu ire-irenshi. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi, wuyanshi ya sanƙare, a kai shi likita ranar nan, kada a kwana ana jiƙe-jiƙe. Ƙyanda ita ma tana iya ɓata ido, ita ma tana da allura. Kunnen yaro da ke zubar da mugunya wata da watanni, in an bar shi, ƙarshenshi rashin ji.

Kuturta tana warkewa. Maganin ƙwayoyi ne da ake sha wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 ake ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya fara sha ya daina sa ma wani. Alamarta ta farko tabo ne mai haske a fata wanda ba shi jin taɓi. In an kama ta nan, yatsa ko guda ba shi faɗuwa. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, ya daɗe da wanga aiki.

Jaririn da anka haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki, ana miƙe ta da ɗauri irin na likita, ana sake shi mako-mako na 'yan makonni, sa'annan a sa mashi takalmi na musamman. Leɓen da ya tsage tun haihuwa ana ɗinke shi. A Yamai akwai asibitin yara na CURE, wanda anka buɗe a 2010 don irin waɗanga ayyuka. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi: abin da ke da sauƙi ga jariri, wahala ne ga ɗan shekara 10.

Farfaɗiya kuma, iyayena mata, ku ji da kyau. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukar shi ta miyau ko ta taɓi ko ta cin abinci ƙwarya guda. Likitoci sun ce wajen 7 cikin 10 na masu ita suna iya daina faɗuwa in suna shan magani kullum ba fashi. In ta tashi ma yaro, a janye shi daga wuta da bakin rijiya, a kwantar da shi a kan gefe, kada a cusa mashi kome a baki, kuma kada a gudu a bar shi. Yaro mai farfaɗiya shina iya karatu daidai da kowa.

Wanda naƙasarshi ta riga ta zauna fa? Nan ne maganar karatu ta shigo. Gurgu ƙafa ce ba shi da ita, kanshi lafiya lau. Abin da ke hana shi lakwal nisa ne, da yashi, da matakalar aji, da makewayin da ba shi iya shiga. Duk waɗanga abubuwa aikin hannu ne da mu ke iya yi: keken guragu, ko amalanken wani maƙwabci da safe, da gangare na siminti a ƙofar aji. Yaron da ba shi gani sosai ko ba shi ji sosai, sau da yawa abin da shike buƙata a zaunar da shi gaba kusa da allo, mushe shi juyo shi fuskance shi in shina magana.

Makaho shina da rubutunshi. Wani Bafaranshe, Luwi Biray, wanda ya makance tun shina ɗan shekara 3, shi ya ƙago shi a 1824 shina ɗan shekara 15. Ɗigo 6 ne masu tudu da ake shafawa da yatsa, kuma da su ake rubuta Faransanci, da lissafi, har Alƙur'ani mai girma an buga shi da wanga rubutu. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman. Kurma shina da maganar hannu, kuma akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Kurma ba wawa ba ne. Harshenshi ne daban, in an koya mashi karatu da shi sai a sha mamaki. Makarantun nan a birni suke, mu kuwa muna da mutane a birnin. Abin da ke hana uba ba da ɗanshi shi ne rashin wanda za shi riƙe mashi amana. Ku da ke zaune can da iyalinku, nan ne taimakonku ya fi kuɗi.

Hukuma ma ta yi nata a takarda. Dokar 2 ga Maris 1993 ta ce duk ma'aikata, ta gwamnati ko ta ɗan kasuwa, mai ma'aikaci 20 ko fiye, ta keɓe ma naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu, a Disamba na 2019 kuma anka yi sabuwar doka a kan shigar da su cikin al'amurran ƙasa. Naƙasassu da kansu suna da tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa, kuma kowace shekara ranar 3 ga Disamba ranarsu ce a duniya. Amma gurbin aiki, wanda ke da takardar karatu ake ba. In ɗiyanmu ba su shiga aji ba, rabon da doka ta keɓe ɗiyan wasu garuruwa za su cinye shi, mu muna kallo.

Ba kowane yaro ke zama ma'aikaci ba, mai ƙafa ma haka ne. Sana'a kuwa tana da yawa wadda ake yi zaune: ɗinki, da dukanci, da gyaran waya da rediyo, da aski, da tireda, da saƙar tabarma da igiya da gadon zare, da kiwon kaji da turkar rago. A garuruwanmu guragu ne da kansu ke ƙera kekunan guragu da walda. Sau da yawa abin da ke tsaye tsakanin yaro da sana'a shi ne maigidan da za shi karɓe shi, da ɗan jari na farko. Cikin wanga taro akwai teloli, akwai makanikai, akwai masu shago.

Ina da kalma ta musamman a kan ɗiya mata. Yarinya naƙasasshiya wahalarta biyu ce. Ita ake fara ɓoyewa, ita ake mantawa in ana rabon gado, kuma ita mugun mutum ke nema, don ya san bebiya ba ta iya faɗin sunanshi, wadda hankalinta bai cika ba kuma ba a gaskata ta. Wanda ya taɓa irin wagga yarinya, kada a rufe maganar don zumunta. A kai ta gaban maigari da hukuma. Rabonta na gado kuma, Allah ne ya yanka mata shi, naƙasa ba ta rage ko zangarniya guda a ciki.

To, ga abin da nike kawowa gaban ƙungiya, a duba a yanke.

Na ɗaya, a ƙirga. A zaɓi mutum huɗu, maza biyu mata biyu, su bi gida gida kafin 'yan biɗa su koma, su rubuta kowane yaro mai naƙasa, da shekarunshi, da abin da ke damunshi, da ko shina karatu. Littafin shi zauna hannun magatakarda, ba na yaɗawa ba ne. Mata su shiga wajen mata, don su za a faɗa ma gaskiya.

Na biyu, takardar haihuwa. Duk wanda ba shi da ita a nema mashi a ma'aikatar magajin gari, wanda lokacinshi ya wuce a bi ta wajen alƙali. In babu ita, babu jarrabawa, babu katin ɗan ƙasa, babu shiga wani tsari na taimako.

Na uku, asusu. Kowane ɗan ƙungiya shi ƙara dala 20 a wata bisa abin da shike zubawa. In mu 100 ne, jika 10 ke nan a wata, jika 120 a shekara. Kuɗin shi tsaya ga abu uku kawai: kuɗin motar kai yaro likita, kayan tafiya da na karatu, da jarin sana'a. A karanta lissafinshi a kowane taro, a buga shi cikin wagga takarda.

Na huɗu, masauki. Kowane gari da muke da jama'a, a samu gida guda da ya yarda shi sauke uwa da yaronta in sun zo likita, ko shi zama waliyyin yaron da ke makarantar makafi ko ta kurame.

Na biyar, kowane mai sana'a da ke iyawa shi ɗauki yaro guda, ƙungiya ta riƙa zuwa tana duba su, don kada koyo shi koma bauta.

Na shida, a ba naƙasassun garinmu kujera cikin shugabannin ƙungiya, namiji da mace. Wanda ke jan jiki cikin yashi ya fi mu sanin inda hanya ke da wuya, kuma bai kamata a yanke magana a kansu ba su nan ba.

Na bakwai, muna roƙon baba maigari da liman su yi ma gari magana da bakinsu, cewa kada a sake fita da yaro bara sai an fara kawo kukan gidan gaban ƙungiya. In yunwa ce, a yi maganin yunwar da hatsi. Hani ba tare da taimako ba, ba shi kama ƙasa.

Daga ƙarshe, 'yan uwana samari, wagga magana tamu ce mu ma. Yawancinmu da ƙarfin jiki muke ci: dako, da kabu-kabu, da gini, da ramin zinariya. Ba mu manta ba a watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a ƙasar Ɗan Isa, mutane da dama sunka rasu. Nawa ne sunka tafi biɗa da ƙafa biyu sunka komo da sanda? Abin da ya ci Doma ba shi barin Awai. Gangaren da za mu yi a ƙofar aji da ƙofar masallaci, ba mu san wa za shi bi ta kanshi ba cikinmu, kuma duk wanda Allah ya ba tsawon rai, ido da kunne da gwiwa za su rage mashi.

Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Ina roƙon kada mu watse yau sai an faɗi sunayen mutum huɗun nan masu ƙirga, an kuma sa ranar da za su kawo littafin.

Allah shi ba masu ciwo lafiya, shi raya mana zuri'a, shi ba mu damina mai albarka, shi maida matafiya gidajensu lafiya.